Abin da muka tsayar a Agege kan mata da shugabancin coci

Jiya bayan sujada mun zauna a Agege kan maganar nan ta ko mace za ta iya zama fasto, gaskiya ba mu zama baki ɗaya ba. Wasu sun riƙe 1 Timoti 2:12, ayar da ta ce kada mace ta koyar ko ta yi iko da namiji, wasu kuma suka kawo Debora da ta yi alƙalanci a Isra'ila da Fibi mai hidimar ikilisiya ta Romawa 16, kuma ai a nan Legas ma coci-cocin Methodist da Redeemed suna naɗa mata fasto amma ECWA da Angilikan ba sa yi.

Inda muka haɗu shi ne batun masu zagi a Facebook kan wannan magana. Wata mama daga Zumuntar Mata ta ce ƴaƴana, in an tsokane ku ku ajiye waya tukuna, ku karanta surar gaba ɗaya kafin ku jefa aya guda kamar dutse. Mai tambaya da gaske a ba shi amsa a hankali, mai neman faɗa kuwa amsa ɗaya ta isa, in ya ci gaba a yi bulokin ɗinsa. Ni abin da ya fi damuna shi ne yaɗa hoton mace mai wa'azi ana mata ba'a, mun ce kada ɗayanmu ya ƙara turawa ko a WhatsApp.