Zakkar bana: in raba wa mutane da yawa, ko in ɗaga mutum biyu?

Mai Yadi a Kwari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma a watan Sha'aban shekarata take cika. Na ƙirga kaya da kuɗin banki, na cire kashi biyu da rabi cikin ɗari, zakkar bana ta kama naira 600,000.

Shekara shida ke nan ina yin abu ɗaya: in sa dubu biyar-biyar a ambulan, a yi layi a ƙofar gida. Bara wata tsohuwa ta faɗi a cikin turmutsutsu, zaninta ya yage. Ina kallo tana lalube a ƙasa tana neman takalminta wari guda, ambulan ɗin ma ba ta samu ba. Har yau abin yana ci min rai. Kuma fuskokin da na gani a shekarar farko su nake gani har yanzu.

Sai kuma na Facebook. Na tura 40,000 saboda hoton wani yaro mai kumburin ciki, bayan wata biyu na sake ganin hoton da wata lambar asusu daban. Don Allah ku ba ni shawara.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Duk wanda ya ce maka yana da mara lafiya, tambaye shi asibiti da ɗakin da yake kwance, ka je ko ka aika yaronka. Mai gaskiya murna zai yi, maƙaryaci zai daina ɗaga waya. In ka je, tsaya minti goma a tagar sayar da magani. Za ka ga uwa riƙe da takardar likita, an faɗa mata kuɗi, ta kwance bakin zani ta ƙirga, ta ɗaure, ta koma gefe ta zauna shiru. Irinta ba ta da mai ɗora ta a Facebook.

Almajirin Malam:
Alhaji, game da kuɗin da ka tura, kwantar da hankalinka. Ya zo a hadisi cewa wani ya yi sadaka cikin dare ta faɗa hannun ɓarawo, aka kuma karɓa masa. Amma zakka tana da masu ita, kashi takwas da aka lissafa a Suratut Tauba, aya ta 60, har da wanda bashi ya yi wa katutu. Ba a gina masallaci ko haƙa rijiya da ita, wannan aikin sadaka ne da waƙafi. Ba a ba mata ko ƙananan 'ya'ya ko iyayen da ciyar da su yake wuyanka. Ƙanwa ko ɗan'uwa mabuƙaci kuwa lada biyu ne, na sadaka da na zumunci. Kuma malamanmu na Malikiyya sun halatta a ba mutum ɗaya abin da zai ishe shi shekara. In ba ka da lokacin bincike, akwai Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha.

Baban Sadiya, Gusau:
Jari ma sai da lura, Alhaji. Na taɓa saya wa wata bazawara keken ɗinki ban tambaye ta ba, ashe ba ta iya ba, kafin sallah ta sayar ta biya kuɗin haya. Laifina ne. Ta biyun na zauna na tambaye ta, ta ce injin markaɗe take so, unguwarsu babu. Shekara uku ke nan, bara da kanta ta kawo min zakkar fidda-kai ta ce in ba wani.

Mai Yadi a Kwari:
Allah ya saka muku da alheri. Ina karantawa sai na tuna ɗan dakon da yake sauke min dila shekara tara. Tun haihuwar matarsa ake bin sa bashin asibiti, a bakin wani na ji, shi bai taɓa ce min komai ba. Ga kuma ƙanwar mahaifiyata a Ɗanbatta da marayun jikoki huɗu. Gobe bayan la'asar zan kira shi cikin shago, mu biyu kawai. Jumma'a in Allah ya kai mu zan je wajen Inna in ji me take so ta riƙa sayarwa. Tsohuwar bara kuma na sa a nemo min gidanta, nata zan kai mata har ɗaki.