Shafin karɓar token a BSC, Polygon da Base: ya zan hana mutum karɓa sau biyu?

mai_koyon_kod:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Aiki aka ba ni na haɗa shafin da mutane za su shiga su karɓi token ɗin da za a raba, amma masu aikin suna so kowa ya zaɓi inda zai karɓa, ko BSC ko Polygon ko Base, cen uku ke nan, wato blockchain daban-daban. Na haɗa shafin da React da wagmi (kayan kod na haɗa shafi da walat), walat yana haɗuwa lafiya lau, a tesnet, wato cen na gwaji, komai ya tafi daidai, sai jiya da daddare na ce bari in gwada wani abu, na karɓa a BSC na sauya zuwa Polygon da walat ɗin nan dai na sake dannawa, wlh ya sake ba ni. Yanzu na sa shafin yana kashe maɓallin in an karɓa sau ɗaya, ina rubutawa a databes. Hakan ya isa? Saura sati biyu a buɗe kuma hankalina bai kwanta ba.

tsohon_hannu:
Wa alaikumus salam ƙanina. Bai isa ba sam. Shafinka ba shi ke tsaron kuɗin ba, kwantiragin ne, wato kod ɗin da ke kan cen yana raba token ɗin, kuma kowa zai iya kiran kwantiragi kai tsaye ta BscScan, shafin duba abin da ke kan BSC, ba tare da ya leƙa shafinka ba. Ka tuna rabon Arbitrum a Maris 2023, shafinsu ya ƙi buɗewa saboda cunkoso amma waɗanda suka iya suka karɓi ARB ɗinsu kai tsaye daga kwantiragin. To haka za a yi maka, sai dai kai sau uku za a kwasa, don kwantiragin da ke BSC bai san abin da ya faru a Polygon ba, kowanne da littafinsa.

Mafi sauƙi, ka buɗe rajista tun kafin ranar, kowa ya sa hannu da walat ɗinsa ya zaɓi cen ɗaya, ka rufe, sannan ka haɗa Merkle daban ga kowane cen, wato jerin adiresoshin da suka cancanta wanda kwantiragi zai iya tantancewa, adireshi ya fito a jeri ɗaya tak. Irin tsarin Merkle ɗin da Uniswap suka yi amfani da shi a Satumba 2020 da suka raba UNI 400 ga duk wanda ya taɓa amfani da Uniswap, kod ɗin yana nan a buɗe a GitHub, an daɗe ana gwada shi. In kuma masu aikin sun dage sai ranar mutum zai zaɓa, to sabarka ce za ta riƙa sa hannun ba da izinin karɓa irin na tsarin EIP-712 da chainId, wato lambar cen, a ciki, kuma da zarar ta ba adireshi sa hannun cen ɗaya kar ta ƙara ba shi na wani. Amma ka sani mabuɗin sabar nan in ya fita an gama da ku, ni dai na farkon nake ba ka shawara.

yar_frontend:
Malam ya gama magana a kan wannan. Ni abin da zan ƙara, yawancin masu shigowa da waya za su zo, ta burauzar cikin Trust Wallet ko MetaMask, don haka ka gwada a ƙaramar waya da netwok mara ƙarfi ba a laftof kaɗai ba. In ka kira wallet_switchEthereumChain ya dawo da 4902 yana nufin babu cen ɗin a walat ɗin mutum, sai ka ƙara masa da wallet_addEthereumChain. Lambobin su ne 56 BSC, 137 Polygon, 8453 Base. Kuma ka duba ko yana da kuɗin gas, wato ladan da cen ke caja, kafin ya danna, BNB a BSC, POL a Polygon, ETH a Base, ka rubuta masa ƙarara, mutane da yawa ba su san wannan ba sai su ɗauka damfara ce.

Sannan dan Allah kar shafinka ya nemi approve, wato izinin taɓa token ɗin da ke walat ɗin mutum, ko kaɗan, mai karɓa ba abin da zai ba da izini a kai, da wannan ɓarayi ke wawashe walat ɗin mutane. Ka sa adireshin kwantiragin a fili kowa ya gani.

mai_koyon_kod:
Allah ya saka da alheri Malam, Yaya na gode, zan koma tsarin rajistar. Sun kuma ce wai nan gaba a ƙara TON da Solana tunda tun lokacin Notcoin da Hamster mutanenmu sun saba da TON, zan iya cusa su a wagmi ɗin?

tsohon_hannu:
A'a, wagmi na dangin Ethereum ne kawai. Solana adireshinta daban, sa hannunta daban, TON kuma sai TON Connect, kowanne sai an rubuta masa nasa kwantiragin daga farko. Ka ce musu wannan aiki ne na biyu da kuɗinsa. Ka gama ukun nan tukun, in ka haɗa Merkle ɗin ka turo adireshin tesnet nan in gwada karɓa sau biyu da kaina.