Don Allah wace hanya zan bi in tace saƙonnin banza a imel ɗin shago?

Salam 'yan uwa, masana harkar kwamfuta ku taimaka min. Imel ɗin shagonmu na kan hostin ne (wurin da ke riƙe shafin intanet da imel) mai cPanel, wato allon sarrafa saiti, kullum da safe sai na tarar da shi cike da tarkace, wai ka ci kyauta, wai za a rufe akawun ɗinka in ba ka danna nan ba, har da rasit na bogi da ke kama da na gaske sak.

Na kunna SpamAssassin, wato matacin saƙonnin banza, yana kan maki 5 yadda ya zo (saƙon da makinsa ya kai haka shi yake ɗauka na banza), wasu suna ta wucewa abinsu, da na sauke shi zuwa 3 kuma sai ya fara kwashe saƙon kwastomomi yana jefawa cikin spam, jiya ma wani ya kira yana faɗa wai mun share shi alhali ko ganin saƙon ban yi ba. Bulokin masu turo saƙonnin ma ba ya aiki don kullum da sabon adireshi suke zuwa.

To in koma Google Workspace ne ko Zoho Mail (masu ba da imel na kasuwanci), ko akwai saitin da zan gyara a nan? Kuɗin wata-wata ne ke ban tsoro gaskiya. Wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa min, na gode.