Agogon wa imel ke bi?

Mai tambaya: Jama'a, wanda irin wannan ta taɓa samunsa ya yi magana. Na tura takardun neman gurbin karatu ta imel, an ce za a rufe da ƙarfe 12 na dare. Ni dai 11:40 na gani a wayata. Washegari aka amsa min wai saƙon ya shigo 12:40, na makara. To wa ke da gaskiya?

Tsohuwar ɗaliba: Ku duka, ɗan'uwa. Manhajar imel tana juya lokacin zuwa agogon mai karantawa ne. Idan suna gabanka da awa ɗaya, 11:40 ɗinka 12:40 ɗinsu ne. Ni da wani malami a Amurka abin ya haɗa ni. Na saba da tazarar awa shida tsakaninmu, kwatsam ta koma biyar. Ashe suna tura agogo gaba ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, sai Nuwamba su mayar. Kuma da ya rubuta 03/04, 4 ga Maris yake nufi, ni ina can ina jiran Afrilu.

Mai gyaran kwamfuta: Malam, kada ka tsaya kan abin da ke saman saƙon. In Gmail ne, danna ɗigo ukun nan ka zaɓi Show original. Za ka ga layin Date, a ƙarshensa akwai lamba kamar +0100, wato awa ɗaya gaba da UTC, agogon da duniya ke auna sauran lokuta da shi. Indiya +0530 ce, har da rabin awa. Sai dai layin nan yawanci na'urar mai aikawa ce ke rubuta shi, in agogonta ya yi ƙarya shi ma ƙarya zai yi. An taɓa kawo min kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu. Duk imel ɗin da mai ita ya tura sai ya faɗa can ƙasan akwatin mutane da kwanan wata na shekarun baya, shi kuma yana ta faɗa wai an raina shi ba a amsa masa.

Abin dubawa shi ne layukan Received. Kowace saba, wato kwamfutar da ke karɓa da miƙa saƙonni, in saƙon ya bi ta kanta tana buga nata hatimin lokaci. Daga ƙasa ake karanta su zuwa sama, na can sama shi ne isowarsa.

Ma'aikaciyar ofis: Haka na wanke kaina wurin oga. Na tura rahoto 4:15 na yamma, shi ya gan shi bayan 7. Layukan suka nuna saƙon ya yi kusan awa uku maƙale tsakanin saba biyu. Ban ce uffan ba, na buga takardar na ajiye masa a tebur.

Mai tambaya: Na duba yanzu. Nawa +0100, nasu +0200. A ƙasan sanarwar ma sun rubuta da agogonsu za a yi, ni ne ban karanta har can ba.