Wardin da ya zo da ƙauri: wa ta taɓa gamuwa da irinsa?

Amaryar Bagalam: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya dawo daga Umara ya kawo mini tsarabar 'yar kwalbar turare, wardin Ɗa'ifa haɗe da udu. Na ɗauka sanyin ƙamshin amare zan ji. Ina ɗiga shi a wuyan hannu sai ga ƙauri, kamar an yayyafa wa garwashi ruwa, can ƙasa kuma wani abu kamar majema. Sai da aka yi rabin awa kafin wardin ya leƙo. Uwar mijina na shigowa ta ce, "'Yar nan, me kika bari a wuta?" Kunya ta kama ni, amma da dare sai ga ni ina ta shinshinar gyalen. Lalacewa ya yi ko haka yake?

Hajiya mai humra, Mokoyo: Ɗiyata, lafiyarsa lau. Ku yaran yanzu kun saba da mai zaƙi kamar alawa. Kin taɓa shinshinar ɗanyen farce, wanda muke sa wa humra? Murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, ƙarninsa sai ya kore ki daga ɗaki. Sai na jiƙa shi, na kankare, na wanke har hannu ya gaji, sannan na soya shi ya yi ja, na daka. Ranar suya ko maƙwabta sun san me nake yi. Amma humrar da babu farce ba ta kwana a zane. Haka kajiji, ƙamshin ƙasa gare shi, shi ke riƙe wa furen ƙugu. A wajen wata Babarbariya na koya, ita ko kallon humrar da ba ta yi wata guda a rufe ba ba ta yi.

Mai shago, Babbar Kasuwa: Gaskiyar Hajiya. Udu kansa ciwon itace ne: naman gwari ke kama bishiyar, ita kuma ta fitar da baƙin ƙaro don kare kanta, shi ake tatsa. Na Indiya, na wajen Asam, ya fi kowanne wannan warin garke. Cikin na Turawa wanda aka fi tambayata shi ne Black Orchid na Tom Ford, tun 2006 yake kasuwa, fure ne amma da ɗacin cakulan da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wanda duk ya ce zai ba ki na asali a jika biyu, ki yi masa sallama.

Ɗalibar kimiyya, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi: Inna Hajiya, ko furen kansa ba waliyyi ba ne. Yasmin na ɗauke da wani sinadari, indol, wanda kuma ake samu a bayan gida, ku gafarce ni. Kaɗan ne ke sa furen ya yi kamar mai rai. In ya yi yawa sai ka ji kamar kafur ɗin cikin akwati. A Faransa har da gangan suke fito da wannan ɓangaren. Gidan turare na Serge Lutens ya fitar da Tubéreuse Criminelle a 1999, farkonsa kamar man zafi da fetur, daga baya furen ya buɗe.

Maman 'yan biyu, Zariya: Ni dai na tuba. Watan Afrilu, rana tsaka, na fesa irin wannan har sau biyar zan tafi buki. Kafin mu kai unguwar Ali Dan Sofo mai kabu-kabu ya waiwayo ya ce, "Hajiya, ko maganin sauro ne ya zube miki a jaka?" A gidan bukin ma gefe na koma da ciwon kai. Kwalbar na nan, sai hunturu nake taɓa ta, shi ma feshi ɗaya a bakin zane.

Hajiya mai humra, Mokoyo: Sau biyar a wannan zafin! Ke ma kin so. Amarya, ki ɗiga a tsinken ashana ki shafa bayan kunne bayan la'asar, kafin maigida ya dawo ƙaurin ya kwanta.

Amaryar Bagalam: Na gode Hajiya, jiya haka na yi. Uwar mijina ta wuce ta gabana sau biyu ba ta ce komai ba, da safe ta aiko jikarta da auduga wai in ɗiga mata kaɗan za ta gidan suna.