Tsutsar dusa tana ta mutuwa, kuma anya za ta rage min kuɗin abincin kaji?

Mai tambaya, daga Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Don Allah shawara nake nema. Ina da kajin ƙwai goma sha biyu a bayan gida, da kazar Hausa ɗaya mai 'yan tsaki. Kuɗin buhun abinci ya ishe ni, shi ne na sayo irin tsutsar dusa, wato milwom ɗin nan, a wajen wani mai sayar da abincin tsuntsaye. Na zuba ta a roba da dusar masara, na rufe da murfi, na ɗora a saman kejin, ƙarƙashin rufin kwano. Kullum ina yayyafa mata ruwa saboda zafi. To ga shi rabinta ta yi baƙi ta mutu, dusar ta dunƙule tana wari. Me ya jawo? Sannan in ta yi yawa, zan iya daina sayen abincin kamfani in riƙa ba su ita da dusa kawai?

Wata mai kiwon tsutsar, daga Jos:

Wa alaikumus salam Hajiya. Zafi da ruwa ne suka haɗu suka kashe miki ita. Wannan tsutsa ta fi jin daɗi tsakanin digiri 25 zuwa 28. Ƙarƙashin kwano a Kano da bazara kuwa ya wuce 40, ga murfi kin toshe mata iska. Sauke ta yau ɗin nan, ki kai ta ɗakin da ya fi sanyi a gidan, kusa da randa in kina da ita. Ki yanke tsakiyar murfin ki liƙa raga.

Ruwa kuma kada ya sake taɓa dusar. A jikin ɗanyen abu take shan ruwanta: yankan karas, dankali ko ganyen kabeji. Ki sa kaɗan, in ya fara laushi ki cire kafin ya yi fumfuna. Ki tankaɗe waɗanda suka rayu da rariya, ki zubar da tsohuwar dusar, ki sa busasshiyar dusar alkama, zurfinta kamar tsawon yatsa. Ki tambayi mai dusar ko an sa wa hatsin maganin ƙwari. In da fiya-fiya a ciki, dare ɗaya za ta gama da su.

Abin da masu nuna ta a bidiyo ba sa faɗa shi ne jira. Tsutsar takan yi wata biyu zuwa uku tana ci tana saɓa, sai ta sandare ta yi fari kamar ta mutu. Kada ki zubar, bayan mako ɗaya zuwa uku baƙin ƙwaro zai fito, shi ne mai yin ƙwan. Ƙwarin suna cin ƙwansu, suna kuma cin waɗanda suka sandare, don haka roba uku ake yi, kowane mataki da tasa. Ki ɗora robobin a kan tebur, ƙafafunsa a cikin gwangwanin ruwa, in ba haka ba cinnaka za ta riga kajinki.

Wani da ya karanci kiwon dabbobi, daga Zariya:

Yaya ta Jos ta gama da tambayar farko. Ta biyun ce nake so Hajiya ta yi wa lissafi kafin ta ƙara kashe ko sisi. Kazar ƙwai tana cin kamar giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 12 ke nan wajen kilo ɗaya da rabi kullum. Tsutsar dusa ɗaya da ta girma nauyinta bai fi kashi ɗaya cikin goma na giram ba sosai, wato sai kin tara dubbai kafin ki cika kilo. Kuma fiye da rabin wannan nauyin ruwa ne. Furotin ɗin da ake ta yayatawa, wai kusan kashi 50 cikin 100, na busasshiya ne. Mai rai kusan kashi 20 take da shi. Roba ɗaya da za ta ɗauki wata uku kafin ta ba ki girbi, kajinki za su share ta kafin ki juya.

Ga kuma matsalar sinadarin kalsiyam. Kaza mai ƙwai tana buƙatar kusan kashi 4 cikin 100 na abincinta ya zama shi, don da shi take gina ɓawo. Tsutsar dusa ba ta da shi sai ɗan abin da ba a rasa ba, mai kuwa ta tara da yawa. In kika dogara da ita da dusa, za ki fara ganin ƙwai mai laushin ɓawo, kajin su yi kitse, ƙwan ya ja baya. Ni a ganina kada ki daina abincin kamfani. Tsutsar ki bar wa 'yan tsaki, da kazar da ke zubar da gashi, ɗan cikin tafin hannu da yamma bayan sun ci abincinsu.

Wani matashi, daga Kaduna:

Ni fa ban ga dalilin sayen iri ba. Ki ɗaga diddigar katakon da ke ƙasan kejinki, za ki ga ƙananan ƙwari baƙaƙe da tsutsarsu kyauta.

Na Zariya ya sake cewa:

A'a ɗan'uwa, wannan dangi ne kawai, ba ita ba ce. Ƙwaron shimfiɗar kaji a cikin kashi da mushe yake rayuwa, kuma an san yana ɗaukar ƙwayar cutar gumboro da salmonela da tsutsar ciki. Wanda ya gan shi a kejinsa, shara ya kamata ya yi, ba kiwo ba.

Wani dattijo mai zabi, daga Maraɗi:

'Yata, in don 'yan tsaki ne, mu nan da gara muka tashi muka ga ana rainon 'ya'yan zabi. Tsohuwar tukunya za ki samu, ki cusa busasshen kashin shanu da karmami da guntayen kara, ki ɗan jiƙa, ki kife ta a kan hanyar gara kusa da suri da yamma. Da sassafe kafin rana ta yi zafi ki ɗauke, ki zazzage musu. Sai dai a kula, manyan masu jan kai suna cizon ƙananan tsaki a baki da maƙogwaro, ƙananan farare ake so. Na san cikin birni suri ya yi wuya, amma ai ba a rasa ɗan'uwa a bayan gari.

Mai tambaya:

Na gode Baba, na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na sauke robar na canja dusa. Maigidan ne ya ce in tambaya, cin ƙwan kazar da aka ciyar da tsutsa babu matsala?

Ta Jos:

Kazar Hausa ai wuni take tana tonon tsutsa da fara. Abin da malamai suka yi magana a kai shi ne jallala, dabbar da najasa ta rinjayi abincinta. Taki dusa da karas take ci. Amma ya tambayi malaminsa don hankalinsa ya kwanta.

Kuma tunda rage kuɗi kike nema a gari mai zafi, ki bincika tsutsar baƙin ƙudan soja. Ita zafin Kano bai dame ta kamar wannan ba, ragowar tuwo da ɓawon kayan miya take ci, cikin kamar mako biyu ta isa ba wa kaji, kuma ta fi kalsiyam. Aibinta wari, in abincin ya jiƙe da yawa, don haka nesa da tagar maƙwabta. Ranar da za ki tankaɗe dusar milwom ɗin kuma ki fita tsakar gida ki rufe hanci, ƙurar kashinta tana tayar da asma.