Bayan an yi jana'iza, wa zai tuhumi wanda ya yi harbin?

Maƙwabci daga Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Jiya aka yi sadakar arba'in ta ɗan maƙwabcina, matashi mai tuƙa Keke Napep, wanda wani ɗan sanda ya harba a wani shingen bincike bayan sun yi cacar baki a kan takardu. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka, kuma da idona na ga inda harsashin ya shiga, ta baya ne, ƙasa kaɗan da kafaɗarsa ta hagu. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Washegari wasu manya suka zo gaisuwa da buhun shinkafa da ambulan, suka ce bindiga ce ta tashi bisa kuskure, kuma an tsare jami'in. Daga ranar ba mu sake jin komai ba. Mahaifinsa ya ce ya bar wa Allah, amma mahaifiyar ba ta iya barci. Ina roƙon masana su faɗa mana: akwai sauran hanyar bin haƙƙin yaron nan, ko mun binne maganar tare da shi?

Lauya daga Kawo:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri. Maganar ba ta mutu ba, sai dai binne shi ba tare da likita ya rubuta rahoto a kan gawar ba ya rage ƙarfin hujja, domin wurin da harsashi ya shiga shi ne abu na farko da ke rushe da'awar kare kai. Ku da kuka yi wankan ku rubuta abin da kuka gani tun yanzu, ku yi rantsuwa a kansa a kotu, ku kuma nemo waɗanda abin ya faru a gabansu kafin tsoro ya rufe musu baki.

Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa 'yancin rayuwa, amma ya bar ƙofa ga amfani da ƙarfi wajen kama mai laifi ko hana shi tserewa, kuma ta wannan ƙofa masu harbi da yawa suka sulale. Umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237, wanda aka yi wa gyara a 2019, ya taƙaita harbi ga lokacin da rai ke cikin haɗari na nan take, kuma musu a kan takardun keke bai kai nan ba. Ku kai ƙorafi a rubuce ga Kwamishinan 'Yan Sanda, da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda mai ikon ladabtarwa da kora, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Iyali na iya shigar da ƙarar neman diyya, ko da yake karɓar kuɗin bayan hukunci wani yaƙi ne daban, tunda doka ta ce sai da amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin gwamnati.

Ana hukunta su idan an dage. Matasa shida da aka kashe a Apo, Abuja, a 2005, sai a 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, wato bayan shekara 12. Amma jami'in da ya harbe lauya Bolanle Raheem a Legas ranar 25 ga Disamba 2022, an yanke masa hukunci a Oktoba 2023, cikin ƙasa da shekara guda, saboda ƙungiyar lauyoyi da jama'a ba su ɗauke ido daga shari'ar ba. Abin da ke damuna shi ne, ɗan talaka ba shi da irin wannan gata, kuma har yanzu 'yan sanda ne ke fara binciken 'yan sanda.

Tsohon Sufeto mai ritaya:

Barista, ka yi bayani mai kyau, amma bari in ƙara abin da na sani daga ciki. Babu jami'in da ke fita da bindiga sai ya sa hannu a littafin ma'ajiyar makamai, inda ake rubuta lambarta da yawan harsasan da aka ba shi, idan ya dawo kuma a ƙirga. Lauyan iyalin ya nemi kotu ta sa a kawo wannan littafi da na jerin masu aiki a ranar, domin su ne za su faɗi wanda ya riƙe bindigar. Maganar cewa ta tashi da kanta kuwa, ni ban yarda da ita ba. Tun muna kurata a Kwalejin 'Yan Sanda ta nan Kaduna aka koya mana cewa yatsa ba ya kusantar kunama sai an yi niyyar harbi.

Duk da haka, ɗana mai tambaya, ina so a duba ɗaya ɓangaren. Mutumin da ya kwana a tsaye, wanda ya yi shekaru bai je filin koyon harbi ba, aka kuma ɗora masa kawo wani abu ga na sama da shi, bai kamata a miƙa masa AK-47 a kan titin da mata ke tallar gyaɗa ba. Bindigar yaƙi ta dace da dajin Birnin Gwari. A kori mai harbi a gurfanar da shi, amma a tambayi wanda ya tura shi shingen.

Malamar Islamiyya daga Rigasa:

Baba Sufeto, Allah ya saka da alheri. Ina so in yi magana a kan "na bar wa Allah". Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma addinin da ya umarce mu da haƙuri shi ne ya ba magada zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da yafiya, kuma yafiyar da tsoro ya haifar ba zaɓi ba ce. Ya kamata malamanmu su bayyana wa jama'a cewa jinkirta jana'iza na 'yan sa'o'i domin likita ya duba rauni ba wulaƙanta mamaci ba ne. A 2020, lokacin da aka rusa SARS, sashen 'yan sanda na musamman mai yaƙi da fashi da makami, gwamnonin Arewa sun nuna ba su goyi bayan rusawar ba saboda matsalar tsaro, mu kuma da yawa muka ɗauka kukan na 'yan Kudu ne, alhali 'ya'yanmu ma ana harbinsu.

Maƙwabci daga Tudun Wada:

Na gode muku duka. Na karanta wa mahaifin amsoshinku bayan isha'i, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tashi ya ɗauko ambulan ɗin, ashe bai taɓa buɗe shi ba. Ya ce in raka shi wurin mai unguwa gobe, mu nemi yara biyun da ke cikin keken ranar. Barista, rantsuwar nan a kotun majistare ake yin ta, ko sai mun je babbar kotu?